Gyara a Kan Fizar Annaba

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, ko da na wata shida ne, in dai yana jin Hausa, to ya san shagon nan na lungun masu gyaran firji, inda Saidou mutumin Damagaram yake gasa fiza. Ba irin mai da'irar nan ba ce da ake lafta wa cuku har ta riƙa yauƙi. Tasa a dogon tiren ƙarfe ake gasa ta, wanda tsufa ya mayar baƙi ƙirin, a yanka ta gida-gida kamar an zana dara. Ba ta da kauri. Tumatir ne ya yi jajir a sama, da tafarnuwa, da ɗan zaƙi-zaƙi, kowane gida da ƙwayar zaitun ɗaya a tsakiya. Cuku kuwa sai dai a ce an nuna mata shi daga nesa.

A Annaba ya koyo ta, can bakin teku a ƙasar Aljeriya. Yana saurayi ya bi motar Agadas ya haura Tamanrasset, daga nan ƙafa ta yi ta jan sa arewa har ƙasa ta ƙare, ruwa ya tare shi. Wani tsoho mai tanderu, Si Bachir, ya ɗauke shi wankin tire. Shekara biyu yana wanki kafin a bar shi ya taɓa kwaɓi, shekara bakwai kafin tsohon ya ɗanɗani miyarsa ya yi shiru bai zage shi ba. Abincin masunta ne da 'yan dakon tashar jirgin ruwa. A tsaye ake ci, a kan takarda, mutum ya goge hannu a wando ya koma bakin aiki.

Yadda ya ƙare a Riyad kuwa labari ne mai tsawo, ba shi ne gabanmu ba. Abin da ya kamata a sani, shekara ashirin da shida ke nan yana ƙarƙashin kafili ɗaya, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, Abu Sufyan, wani Balarabe mai faɗin ciki da sakin hannu. Lebura ya ɗauko shi. Wata rana ya leƙa ɗakin leburori ya tarar ana cin wani abu ja, ya gutsuri ɗaya, ya tauna, ya ce, "Ya Sa'id, daga gobe ka bar ɗaukar buhu." Haka aka buɗe shagon.

To Saidou ɗan kasuwa ne, jikan 'yan kasuwa. Uwarsa ƙosai ta sayar a Zinder har ƙarfinta ya ƙare, kuma bai taɓa ganin ta miƙa wa mutum na dala biyar cif ba tare da ta jefa ɗaya a kai ba. Mai tsire haka, mai goro haka, mai awon gero sai ya tula kan tiya har ya zube. A wurinsu ciniki babu gyara kamar sallama ce babu amsa. Da wannan hannunsa ya tashi. Ka sayi gida huɗu, zai yanko siririn gefe ya ɗora. Ka sayi tire guda, kusurwa zai ƙara maka daga na gaba, wadda ta fi soyuwa. Bai taɓa tsayawa yin shawara ba, wuƙar ce take zuwa da kanta. Abu Sufyan ya gani tun makon farko, ya tambaya, aka yi masa bayani, ya yi dariya har ƙyallen kansa ya zame. Ya ce, "Zid, zid. Ƙara musu." Magana ta ƙare a nan. Ba takarda, ba shaida. Wa zai nemi shaida a kan gefen burodi?

A cikin masu cin gyaran nan babu kamar Maikano. Bakano ne, ma'aikaci a wani ofishi can unguwar jakadu, mai kwat da ƙamshin turare. Kowace Alhamis bayan la'asar zai ajiye mota a bakin lungu ya shigo yana kaɗa makulli. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa an san wasa ne tun kaka da kakanni.

"Ina bawan nan nawa? A fito a gaida ubangida."

"Ga Bakano ya iso, kwat ya fi aljihu nauyi. Nawa za a ba ka? Biyu, ku raba ku tara?"

"Takwas. Kuma na tsakiya za ka zaɓo min. Kar ka haɗa ni da ƙonannen nan da kuke ci a Damagaram."

"Ai ƙanzonmu ya fi tuwonku."

Sai a yanka takwas a jera a kwali. Maikano ba zai rufe ba. Zai turo kwalin gaba da yatsa ɗaya, ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman wata.

"Me kuma?"

"Gyara mana, Malam Saidou. Ko Larabawa sun cinye maka tarbiyya?"

"Bara da kwat. Allah ya shirya Kano."

Ya yanko kusurwa ya ɗora. Maikano ya ɗauke ta ya cinye nan take a tsaye, don in ta kai gida yara ba za su bar masa ba. Shekara goma sha ɗaya ana haka.

Rannan Abu Sufyan ya faɗi a banɗaki. Aka ɗauke shi ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Shago ya koma hannun ɗansa Sufyan, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugun yaro ba ne. Saidou ya goya shi a kafaɗa yana ƙarami, shi kuma har yanzu Ammu Sa'id, wato baffa, yake ce masa, ranar salla ya sumbaci kansa. Sai dai mutum ne da bai yarda da abin da idonsa ya gani ba sai ya sake ganinsa a gilashin kwamfuta. Ya canza allon ƙofa. Ya kawo riguna iri ɗaya, da hula, da safar hannu. Ya kafa kyamara huɗu. Ya tara ma'aikata, su Jibirilla ɗan Maraɗi mai kai wa mutane saƙo gida da 'yan Bangaladash biyu da Basudane mai karɓar kuɗi, ya ce daga yau ko tsinke ba ya fita daga shagon nan sai ya bi ta na'ura.

Saidou ya fi kowa gyaɗa kai. Ya daɗe yana jin haushin masu zarar lemon kwalba su ɓoye a mota, har ya ce a ransa gara da aka zo wurin. Ko kusa bai kawo cewa da shi ake ba. Da za a tsare shi a ce ya lissafa abin da ke fita daga shago, zai ce fiza, da lemo, da ruwa, da shara. Gyara ba ya cikin lissafi, kamar yadda ba a cewa murmushi ya fita daga shago. Aka watse, ya koma bakin tanderu, mutumin farko da ya sayi huɗu ya tafi da gefensa.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ranar wata Lahadi, aka ce Mudir, wato Sufyan, yana kira a sama. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, sanyin na'ura kamar cikin firji. Sufyan ya miƙe ya ba shi kujera, ya juyo masa da kwamfuta.

Hannu ne kawai ake gani. Baƙin hannu da wuƙa, ya yanko, ya ɗora, a rufe kwali. Hoton ya tsallaka, ga hannun kuma. Ya sake tsallakawa, ga shi kuma. An tsinto su ɗaya bayan ɗaya an jera, har abin ya koma kamar kaza tana tsattsagar hatsi.

"Ammu Sa'id, hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Mudir."

"Me yake yi?"

Saidou ya gyara zama. Larabcinsa na kasuwa ne, ya isa sayarwa da faɗa, amma bai taɓa gwada shi a irin wannan ba. Ya ce a ƙasarsu mai sayarwa yakan ɗora ɗan wani abu a kai, don mai saye ya tafi da daɗin rai, ya dawo gobe. Ya ce rabin mutanen da ke layi a ƙasa saboda wannan gefen suke tsallake shaguna goma su zo. Ya ce mahaifinsa ya sani, shi da bakinsa ya ce a ƙara.

"Mahaifina ko sunana ba ya iya faɗa yanzu," in ji Sufyan. Bai ɗaga murya ba. "Ran da na tara ku kana wurin?"

"Ina wurin."

"Fulawar taka ce?"

"A'a."

"Tumatirin?"

"A'a."

"To mutumin da ya ba da abin da ba nasa ba, bayan mai shi ya hana, me kuke ce masa a ƙasarku?"

Saidou ya san sunan.

Sufyan ya zaro takarda daga aljihun tebur. Ya ce akwai mutanen da za su haɗa hannu da shi a buɗe rassa, na farko a Al-Nasim, kuma sun ga hotunan nan. Dole ya nuna musu gidan yana da tsari. Ba zai kai maganar ko'ina ba, ba zai taɓa albashi ba. Amincewa ce kawai da alkawarin ba za a sake ba.

"Igamarka, takardar zamanka, saura kwana tara. Ka dangwala, in sabunta maka a wayata kafin ka sauka ƙasa. In ka ƙi, wallahi ya Ammu ba zan iya riƙe ka ba. Sai huruj."

Huruj shi ne fita ta ƙarshe, wadda ake buga wa mutum ya bar ƙasar da duk wanda zamansa ya rataya a wuyansa. Saidou bai iya karatu ba, amma duniya ta koya masa ba a dangwala yatsa a kan abin da ba a ji da kunne ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce a ba shi mako guda.

A unguwar Jaradiya suke, ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, shi da matarsa Delou da 'yarsu Nazira. A Riyad aka haifi Nazira, shekararta ashirin da uku, Hausarta ta tsakar gida ce kawai, in magana ta yi zafi sai ta zame ta koma Larabci. Ita ya miƙa wa takardar. Ta karanta a zuci, ta sake karantawa, ta ɗago.

"Faɗa min kamar yadda yake. Kar ki sa masa mai."

"An ce, ni Sa'id, na yarda cewa na riƙa fitar da kayan shago a ɓoye, ina ba mutanena, ba da izini ba. Na yarda cin amana ne. Ina neman afuwa."

"A ɓoye?"

"Haka aka rubuta, Baba."

"Gaban kyamara huɗu, mutane na layi har waje?"

Delou ta ajiye ludayi. "Yau ga ikon Allah. Gyara ne fa. In gyara sata ne, to da uwata da uwarka duk sun shiga uku a lahira. Mutanensa kuma su wa? Ba har Filifinawa yake ɗora wa ba?"

Nazira ta murza bakin takardar. Can ta ce, "Baba, kar ka yi fushi. Amma a nan, mai karɓar kuɗi ko cingam ta ba ƙawarta, korarta ake yi. Kowa ya sani. Yani, ba naka ba ne."

Maganar Sufyan ba ta shige shi kamar wannan ba. Shi Balarabe ne, ba a kasuwar Zinder ya tashi ba. Wannan kuwa jininsa ce, da tuwon gyaran aka raine ta. Ya dube ta, ya ga da gaske take, ba rashin kunya ba ne. Haka take gani.

"To in na dangwala," ya ce, "kin san me na zama?"

Hawaye ne suka zubo. Ta ce da Larabci ita ba ta san kowa a Zinder ba, ko hanyar gidan kakanninta ba ta sani ba, me za ta je ta yi a can, wa zai saurare ta da wannan Hausar. Delou ta ce ta rufe musu baki, amma ita ma idonta ya kawo ruwa.

Abin da Saidou yake gudu sananne ne. Talauci ba ya bin mutum kabari, amma sunan ɓarawo yana bi, har ya waiwayo ya kama jikoki. Labari kuwa a Ulaisha ba ya kwana. Kafin mutum ya kai gida, waya ta riga ta kai shi Zinder, an ƙara masa gishiri. Shekararsa hamsin da tara, fiye da rabinsu yana yawo a ƙasashen mutane, an zage shi, an kore shi, an kwana da shi a ɗakin 'yan sanda saboda takarda, amma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa a bincika aljihunsa ba.

"Ka kira mutumin nan na Kano," in ji Delou. "Ba ya jin Turanci? Yaran nan da suka yi karatu a waje ba sa jin magana sai ta fito daga cikin kwat."

Ya kira shi. Maikano ya yi dariya a waya har da tari.

"Yanzu a kan gefen burodi za a kori bawana? Wa zai riƙa yi min hidima? Kwantar da hankalinka, Malam Saidou. Yaro ne, bai san al'ada ba. Ranar Alhamis zan zo in karanta masa. In ban wanke ka ba, ka ce ba a Kano aka haife ni ba."

Ranar Alhamis ya zo da kwat mai ruwan toka. Suka hau sama tare. Da shigarsa ya zaro katinsa mai sunan ofis ya miƙa da hannu biyu. Sufyan ya karɓa da girmamawa, ya sa aka kawo gahawa da dabino.

Gaskiya Maikano ya iya magana. Ya harɗe ƙafa ya riƙa zuba Turanci, yana nuna Saidou, yana nuna ƙirjinsa, yana auna iska da tafin hannu kamar mai awon gero. Saidou bai ji ko kalma ba, amma ya ji daɗin sautin. Har ya fara tunanin irin tiren da zai gasa masa na godiya, a ransa yana cewa wannan da kuɗinsa zai saya, ta na'ura.

Sufyan ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo da kwamfuta.

Wannan karon ba hannu kaɗai ba ne. Ga Maikano nan tsaye, ya turo kwali da yatsa ɗaya, ya ɗaga kai sama. Ga shi yana cinye kusurwa a tsaye yana lashe yatsa. Hoton ya tsallaka, ga shi kuma da wani kwat ɗin. Alhamis biyar, kwat biyar. Sufyan ya yi wata gajeriyar tambaya a hankali. Yana yi yana juya katin nan a tsakanin yatsunsa, yana ɗan buga gefensa a kan tebur.

Maikano ya sauke ƙafa. Ya sake duban hoton. Duk sanyin ɗakin nan sai ga gumi a goshinsa. Da ya buɗe baki, muryar ba ita ba ce, ta ƙanƙance, ta yi sauri. Ya ɗaga tafin hannu biyu, ya girgiza kai. Sannan ya sa hannu a aljihun baya ya zaro walat.

"Maikano, me kake yi?"

"Bari kawai, Malam Saidou. A rabu lafiya."

"Mayar da shi aljihu."

"Ka san irin aikinmu. Ko ƙanshin magana ya kai ofis, sai a ce in haɗa kaya. Yara uku gare ni a makaranta."

"Me ka ce masa?"

Maikano ya dubi ƙofa. "Na ce na ɗauka tsarin shagon ne. Ban san daga kanka ba ne."

"Ba kai kake turo kwalin ba? Ba kai kake cewa Larabawa sun cinye min tarbiyya ba?"

"Ai wasa ne. Wasan Kano da Damagaram."

Saidou ya dubi walat ɗin. Bai ji Turancin ba, amma wannan ya ji shi sarai. Ba a biyan kuɗin gyara. Ran da aka zaro kuɗi don a biya shi, to ya tashi daga gyara, ya koma kayan da aka kama a hannun mutum. Shaidar da ya kawo da ƙafarsa ita ce ta fara yanke masa hukunci.

Sufyan ya ɗora hannu a kan na Maikano ya tura walat ɗin baya. Ya koma Larabci, don kowa ya ji. "Astagfirullah, ya ustaz. Kai baƙonmu ne. Kai ba ka da laifi." Ya mayar masa da katinsa.

Maikano ya karɓa ya yi godiya sau uku. A kan matakala ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "Ka yi haƙuri ka dangwala kawai. Takarda ce." Ya fita bai sayi komai ba. Ta taga Saidou ya ga motar ta bar lungu da baya-baya.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya hau mota zuwa Al-Nasim gidan Abu Sufyan, da kusurwa biyu a kwali, waɗanda ya biya ya karɓi rasit. Ya tarar da tsohon a keken marasa lafiya, an ɗaura masa tawul a wuya. Tsohon ya gane shi. Ya kama hannunsa da hannun da ya rage, ya riƙe gam, bakin yana motsi, babu abin da ke fita sai iska da yawu. Saidou ya zo da tambaya ɗaya tak, ko ya tuna shi ya ce a ƙara, wadda ko gyaɗa kai ya isa amsa. Da ya ga yadda kan yake rawa da kansa, sama da ƙasa, hagu da dama, sai ya haɗiye ta. Ya gutsuro kusurwa zai ba shi, mai jinya ta ce ba ya iya tauna. Ya zauna rabin awa yana ba shi labarin zafin bana, ya yi sallama.

Ranar Lahadi da hantsi ya hau sama ba a kira shi ba. Ya zaro takardar, ta yi laushi don ninki, ya shimfiɗa a tebur. Sufyan ya buɗe ɗan akwatin tawada. Saidou ya dangwala babban yatsa ya danna. Da ya ɗaga, babu komai sai shuɗin tabo. Shekara talatin da wani abu na kama tire mai zafi sun cinye zanen yatsan.

"Ƙara dannawa, ya Ammu."

Ya sake. Bai fito ba. Sai a na uku, da Sufyan ya kama yatsan da kansa ya mirgina shi hagu da dama, sannan wani abu mai kama da zane ya bayyana. Sufyan ya ɗauki waya ya latsa nan, ya latsa can. Ko minti biyu ba a yi ba.

"Mabruk, barka. Shekara guda, kai da iyali. Ka ga? An wuce wurin."

Kafin azahar an manna hoton takardar a bangon kicin kusa da wurin wanke hannu, don ta zama darasi. Sufyan ya yi kara, ya shafe sunan da baƙin alƙalami. Sai dai duk shagon nan mutum ɗaya ne ba ya sa hannu sai dangwale, ga tabo uku nan a jere a ƙasa. Basudanen ya karanta, ya gaya wa 'yan Bangaladash. Jibirilla ya tsaya a gabanta ya daɗe, sannan ya ɗauki saƙonsa ya fita. Ba wanda ya ce wa Saidou komai. Ya yi ta yanka yana rufe kwali. Sau biyu wuƙar ta tafi gefe da kanta, ya kama ta a hanya.

Da la'asar ta yi ya tsaya alwala. Tawadar ta ƙi fita. Ya sa sabulu, ya sa ruwan wanke tire, ya goga da soson ƙarfe har wurin ya yi ja, shuɗin yana nan a gefen farce.

A bayan shago suke salla, a kan tabarmar roba tsakanin tukwanen gas da bango. Tun da aka buɗe shagon shi yake jan su, don shi ne babba, kuma ya fi su haddace surori. In tire yana wuta sukan jira shi, ko minti goma ne, suna hira. Yau da ya tura ƙofar baya sai ya ji kabbara. An riga an tayar. Jibirilla ne a gaba.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan ya cire, ya je ƙarshen sahu inda tabarma ba ta kai ba, ya bi su a kan siminti.

Da aka sallame, 'yan Bangaladash suka tashi da sauri. Jibirilla ya juyo rabi, idonsa a kan carbinsa.

"Mun ga kamar ka daɗe ne, Baba Saidou."

"Kun kyauta," in ji Saidou. Ya kakkaɓe gwiwarsa. "Gobe ma kar ku jira."